Tsohuwar laftof ɗina ta farfaɗo

Tun da aka daina sabunta Windows 10 a watan Oktoba na 2025 nake tunanin yadda zan yi da laftof ɗina. Tokumbo ce, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja na saye ta, kuma ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Kuɗin sabuwa kuwa, a bar wa Allah.

Ɗan ƙanwata ne ya zo min gida Agege ran Lahadi da filas a aljihu. "Kawu, ka gwada Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne." Daga filas ɗin ya kunna shi, bai taɓa komai nawa ba, na yi ta latse-latse har la'asar. Maɓallin menu na nan ƙasa ta hagu, inda hannuna ya saba. Sai da muka kwashe hotuna da lissafin shago tukuna ya ɗora min shi.

LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke cikinsa, na buɗe tsofaffin takardun Excel na cinikin goro, ko da yake layukan kan ɗan karkace wani lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita tas. Firinta ce kaɗai ta yi gardama, sai da yaron ya dawo ran Laraba.