Abin da ɗan tafkin bayan gida ya koya mini a ƙarshen sanyin Ingila

Gidan da muka kama haya a Lesta, a ƙasar Ingila, yana da ɗan tafki a bayansa wanda tsawonsa bai wuce mita 2 ba, kuma mun tarar da jajayen kifayen ado guda 9 a ciki, tare da bado wanda ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Da watan Maris ya kama, rana ta fara leƙowa bayan dogon sanyi, sai na ga ruwan ya yi baƙi saboda ruɓaɓɓen ganye, na ɗauka irin wankin da ake yi wa randa ne ya kamace shi. Na kwashe kifayen a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na goge ledar da aka shimfiɗa a ƙasan tafkin, na wanke soson na'urar da ke tace ruwan tafkin a bakin famfo, sannan na cika shi da sabon ruwa, na watsa wa kifayen abinci ba awo, domin a ganina sun yi wata uku suna fama da yunwa. Kafin mako biyu kifi 4 sun mutu, ruwan kuma ya rikiɗe ya koma kamar miyar kuka.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fahimtar da ni cewa ɓarnar da na yi ta fi ɗaya. Abin da na ɗauka datti ne a jikin soson nan, ashe mazaunin ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, waɗanda suke sarrafa sinadarin amoniya da ke fitowa daga kashin kifi har ya daina cutarwa, kuma sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su. Game da abinci kuwa, jikin kifi yana bin yanayin ruwan da yake ciki, saboda haka idan zafin ruwa bai kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba, cikinsa ba ya narkar da abinci yadda ya kamata, wanda ya bari kuma yana nutsewa ya ruɓe. Ni rana nake kallo ina jin ɗumi a jikina, alhali ruwan yana nan da sanyinsa.

Da shekara ta zagayo, ma'aunin zafi na fara saya. Na jira har ruwan ya yi kwanaki a jere yana haura digiri 10 kafin na ba su abinci, shi ma ɗan kaɗan, wanda za su cinye cikin minti biyu ko uku. Ganyen da ya kwanta a ƙasan tafkin, da komar kamun kifi na tsamo shi, na ajiye shi a bakin tafkin ya kwana, domin ƙananan halittun da suka maƙale a ciki su samu su koma ruwa. Ban canja fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ba, kuma da ruwan saman da na tara a ganga na cike gurbin, soson kuwa a cikin bokitin ruwan tafkin na ɗauraye shi. Gefe guda ma ban taɓa shi ba, saboda kwaɗi sun riga sun zuba ƙwai a wurin.

Koren ruwan da ya tayar mini da hankali a bara ya sake dawowa cikin Afrilu, amma a wannan karon na san dalilinsa: hasken rana yana ƙaruwa tun kafin tsirrai su farfaɗo, sai gansakuka ta riga su cin abincin da ke cikin ruwan. Maganin da ya fi yi mini aiki shi ne badon nan, wanda a gida a kududdufi kawai na san shi, ban taɓa zaton za a saye shi da kuɗi a tukunya ba. Na ciro shi a ƙarshen Afrilu, na raba saiwarsa gida uku da wuƙa, na dasa kowanne a kwando da ƙasa mai nauyi marar taki, na rufe samanta da tsakuwa don kada kifi su tone ta. Da ganyensa ya rufe kusan rabin fuskar ruwan a watan Yuni, ruwan ya washe har ina hango ƙasan tafkin.

Kifi ɗaya kawai na rasa a wannan shekarar, shi ma zalɓe ne ya sauka da asuba ya ɗauke shi, shi ya sa yanzu nake shimfiɗa raga a kan ruwan tun daga Fabrairu har ganyen bado ya fito.