Saƙon Godiya Bayan Dawowar Autanmu Daga Buni Yadi

Alhamdu lillahi Rabbil alamin. A madadin mahaifiyarmu da dukkan 'ya'yan gidanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo walimar da muka yi ranar Asabar domin dawowar Auta lafiya daga makarantar horar da dakaru na musamman da ke Buni Yadi a jihar Yobe, haka kuma ga waɗanda uzuri ya tsare su amma suka aiko da addu'a. Gajiya ce ta sa na jinkirta wannan saƙo, domin sai da aka watse aka naɗe tabarmi sannan jikina ya shaida mini cewa tun ranar da yaron nan ya ba da sunansa ban yi barci mai nauyi ba.

Yawancinku kun bi lamarin tun daga farko, don haka ba sai na maimaita ba. Kuna tare da mu a Zariya ranar faretin yaye kurata a Depot, wato cibiyar horar da sababbin sojoji, lokacin da muka zaci wahala ta ƙare, kuma kun taya mu murna da aka turo shi aiki nan Kano. Bai daɗe da sanya kaki ba ya zo ya durƙusa gaban Umma ya ce yana neman izininta ya shiga tantancewar zaratan sojoji. Daga nan ne mutanen Dala da Goron Dutse suka saba ganinsa kafin kiran sallar asuba yana hawa yana sauka, masu shaguna a titin Gwarzo kuma suka riƙa ganinsa goye da jakar yashi tun daga Kabuga, ya bi ta Rijiyar Zaki ya miƙa hanyar Janguza, a duk ranar da ya samu sarari daga bariki.

Akwai wanda ya hana ni ambatonsa, kuma ina roƙonsa gafara, domin ba zan iya yin shiru ba. Shi ne tsohon sojan unguwarmu da kowa yake kira Baba Saje, wanda yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, kuma har yau yana ɗingishi da gwiwar da ya dawo da ita. Shi ya fara faɗa wa Auta cewa horon kurtu daban, tantancewa daban: a na farko ana ƙoƙarin mayar da farar hula soja ne, a na biyu kuwa ana ɗora wa mutum nauyi da yunwa da rashin barci domin a ga ko zai ce ya haƙura da bakinsa. Shi ya koya masa ya horar da sabon takalmi tun a gida kafin ya yi doguwar tafiya da shi, ya riƙa shanya ƙafarsa yana canza safa don gudun bororo, ya sha ruwan gishiri da sukari a zafin watan Afrilu da rana takan haura digiri 40 a Kano, kuma ya riƙa ƙara nauyin jaka kaɗan-kaɗan. Wannan ta ƙarshen ce ƙuruciya ba ta bar yaron ya bi ba.

Da ciwon ƙwaurin da hakan ya jawo masa ya tsananta har ya kasa ɓoye shi, sai muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Ina gode wa likitan da ya duba shi, wanda ya zauna ya yi mana bayani cikin Hausa cewa numfashi da tsoka sun fi ƙashi saurin sabawa da wahala, shi ya sa matashi yakan ji ƙarfi ya ƙara gudu da kaya alhali ƙashinsa ya fara tsagewa a hankali, kuma irin wannan tsaga ba kullum take fitowa a hoton farko ba. Ya ce a daina gudu da ɗaukar kaya na tsawon makonni, in ba haka ba ƙashin zai iya karyewa gaba ɗaya.

Daren da muka dawo daga asibiti ba zai fita daga raina ba. Auta ya zauna a zaure cikin duhu, ya ƙi tuwo, ya ce mini: “Yaya, gobe zan je in ce a cire sunana.” Rabona da in ga hawayensa tun ranar jana'izar mahaifinmu, kuma na rasa abin da zan ce masa, domin a cikin zuciyata akwai ɓangaren da yake son ya janye ɗin mu huta. Ana idar da sallar isha'i sai ga Baba Saje yana dogara sanda, ɗauke da wata tsohuwar taswira da kamfas ɗinsa, na'urar nan mai nuna arewa, a cikin leda. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma rarrashe shi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya miƙe gwiwar nan tasa da ƙyar, ya kunna tocila ya ce: “Ɗana, ƙafa ce aka ce ta huta, ba kai ba. Matso in nuna maka arewa.” Har aka yi kiran assalatu dattijon nan yana koya masa auna nisa da ƙirga taku da gane tudu da kwari a kan takarda. A daren ne kuma ya ba shi shawarar da Auta ya ce ita ta riƙe shi a can: kada ya taɓa tunanin ranar gamawa, ya yi niyyar kaiwa azahar kawai, idan ya kai ya ɗaura niyyar la'asar. Na yi imani cewa a wannan zaure aka ci rabin tantancewar, ko da yake babu wanda ya taka ko nan da ƙofa. Baba, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya jiɓinci lamarin zuriyarka kamar yadda ka jiɓinci maraya.

A makonnin hutun ne ya koyi iyo, abin da yawancin mu 'yan cikin birni ba mu iya ba, kuma ina gode wa abokin aikinsa da ya riƙa ɗaukarsa a babur yana kai shi wurin ninƙaya. Ina gode wa ƙanwarmu da ta ɗauki nauyin ƙwai da madara da wake daga ɗan abin da take samu a ɗinki, da kuma hafsan da ya saurari uzurinsa ya sassauta masa aiki har ya warke.

Bayan tafiyarsa kuwa, jarrabawar ta dawo kan Umma. Duk wanda ya san abin da ya faru da ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a watan Fabrairun 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kashe da dama daga cikinsu, ya san yadda sunan garin kaɗai yake kaɗa hantar uwa. Da wayarsa ta yi shiru na dogon lokaci, rediyo ba ya barin kunnenta, kuma da zarar an ambaci jihar Yobe sai ta ajiye abin da ke hannunta. Matan layinmu, musamman Inna mai ƙosai da maƙwabciyarmu ta jikin katanga, su suka riƙa kwana da ita suna jan Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Limaminmu bai taɓa tashi daga karatun bayan magariba ba tare da ya sanya sojojin da ke daji a addu'a ba, kuma almajiransa sun sauke Alƙur'ani ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya biya ku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Mun so a ce cikin masu cika zauren ranar Asabar akwai wasu daga dangin mahaifinmu, waɗanda gidajensu ba su fi tafiyar Adaidaita ɗaya daga namu ba. An kai musu goron gayyata kamar yadda aka kai musu labarin ciwon tun farko. Umma ta ce a yi musu uzuri, mun kuma yi, ƙofar gidan ɗan'uwansu a buɗe take.

Ina roƙon ku da ku ci gaba da addu'a, domin hutun Auta gajere ne, kuma wanda ya ci wannan tantancewa wurin da ya fi hatsari ake tura shi. Ya Allah Ka tsare shi da abokan tafiyarsa, Ka tsare hannunsa daga zaluntar kowane bawa Naka, Ka sanya tsoronKa a zuciyarsa fiye da tsoron kowa. Waɗanda suka shiga tare da shi amma rauni ko rashin lafiya ya dawo da su, Allah Ka ba su lafiya, Ka musanya musu da mafi alheri. Waɗanda suka kwanta dama a fagen daga, Allah Ka gafarta musu, Ka raya marayunsu, Ka ba iyayensu da matansu haƙuri. Allah Ka jiƙan mahaifinmu, Ka kawo wa Arewa da Najeriya baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa. Amin summa amin.