Digiri 35: yadda zafin Sakkwato ya ɓoye aikin da haske ya gama

A ɗakin gwaje-gwajenmu da ke Sakkwato na zaɓi in jera ƙwayoyin ruwan kiristal (ruwan da dogayen ƙwayoyinsa ke iya fuskantar gefe ɗaya, irin na allon LCD) da haske maimakon yadda aka saba, wato goge fuskar folima (siririn shafe mai kama da roba a kan gilashi) da ƙyalle, domin guga tana barin ƙura da ƙwarzane da cajin lantarki, mu kuwa ƙurar hunturu kaɗai ta ishe mu. Na bi hanyar da Martin Schadt da abokan aikinsa suka bayyana a 1992: a shafa PVCi, wata folima da haske ke sauya ta, a kan gilashi, sannan a haska ta da hasken UV (hasken da ido ba ya gani) da aka tace ya zama yana kaɗawa ta fuska ɗaya. Sassan folimar da suka dace da kaɗawar hasken su ne ke haɗewa biyu-biyu, sauran su zauna yadda suke, wannan bambanci kuma shi ke sa dogayen ƙwayoyin ruwan kiristal da aka zuba a kai su kwanta a gicciye da kaɗawar.

Shafawa da haskawa ba su ba ni wahala ba. Matsalar ta zo ne cikin Afrilu, lokacin da na zuba 5CB, wani nau'in ruwan kiristal, tsakanin gilasai biyu masu wannan shafe, na sa su tsakanin matatun haske da aka gicciya. Idan jeri ya yi kyau, in aka juya gilashin zai yi duhu sau huɗu a zagaye guda, ya haskaka a tsakani. Nawa baƙi ƙirin ne ta duk inda na juya shi. Na yi ta ƙara tsawon haskawa, har folimar da muka daɗe muna jiran isowarta daga waje ta kusa ƙarewa, abin da har yau yake ci mini rai.

Dattijon da ke kula da kayan ɗakin ne ya ɗaga kwalbar 5CB wata azahar da aka ɗauke wuta, ya ce, "Malam, da safe wannan fari ne kamar tsinkakken nono, yanzu ga shi garau."

A kusan digiri 35 5CB ke rasa tsarinsa ya koma ruwa kawai, wanda baƙi ake ganinsa tsakanin matatun da aka gicciya duk yadda aka juya shi, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kuwa yakan wuce haka a bazarar Sakkwato. Ashe folimar ta yi aikinta tun farko, ruwan ne ba ya cikin halin da zai bi ta. Muka ɗora ɗaya daga cikin gilasan da na ware a matsayin lalatattu a kan ledar ruwan sanyi, nan take haske ya fara shigowa daga gefe, ya mamaye shi bai ɗaya babu tabo.

Duk wanda zai yi wannan aiki a Arewa ya ajiye ma'aunin zafi a jikin madubin binciken, ya riƙa rubuta digiri tare da kowane sakamako. Duhun da ba ya sauyawa da juyi ba hujja ba ce cewa jeri ya gaza, don haka a sanyaya gilashin kafin a taɓa fitilar UV. Ni dai na koma amfani da E7, wani ruwan kiristal ɗin daban, wanda ke riƙe tsarinsa har kusan digiri 60. Ina zuba shi da zafinsa, in bar shi ya huce a hankali.