Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Ranar da Muka Je Gamji

A makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatu a Kaduna Poly, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da 'yan mata uku, duk haifaffun gari. Ni kaɗai ce 'yar ƙauye, kuma da na buɗe baki ake ganewa. Sai na koyi yin shiru.

Wata Asabar, ƙarshen damina, babbarmu ta ce mu shirya, Gamji za mu, wurin shaƙatawar nan na bakin kogi. Muka yi dafa-duka, muka ƙulla zoɓo a leda, muka tari Keke Napep daga Tudun Wada. A hukumance sunan Janar Hassan Usman Katsina aka sa wa wurin, wanda ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, amma gwada faɗa wa mai keke haka ka ga kallon da zai yi maka.

Su dai hoto ya kai su. Aka jeru gaban furanni, aka jeru bakin kogi, aka jeru kan tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwaso ta zuwa Kaduna. Ni ce mai ɗauka, kamar kullum.

Muna neman inuwar da za mu shimfiɗa tabarma na ga wani maɗaci an sassaƙe masa ɓawo ta gefe guda. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba: "Kai, masu magani sun yi wa wannan ɓarna!" Wani dattijo da ke aske shinge da almakashi ya ɗago.

"'Yata, kin san shi ne?"

"Na san shi, Baba. Kakata jiƙa ɓawon take yi idan ciki ya murɗa. Ɗacinsa sai wanda ya sha."

Ya yi dariya, ya ajiye almakashin, ya shiga nuna min itatuwa ɗaya bayan ɗaya ina faɗin sunansu. Da muka zo kan dogon yaro ya ce wannan baƙo ne, asalinsa Indiya, ya daɗe ne har ya zama ɗan gida. Wannan kam ranar na fara ji, don a garinmu ba ƙofar gidan da babu shi.

Sai ƙaramarmu ta ce, "Baba, ni na zaci Gamji kirarin Sardauna ne kawai." Dattijon ya dube ni, wai in ba ta amsa. Na ce itace ne, dangin ɓaure da ceɗiya, mai faffaɗan ganye, in ka yanke shi farin ruwa ke fita kamar madara, kuma inuwarsa ta isa a ci kasuwa a ƙarƙashinta. Saboda girman nan aka yi wa Sardauna kirari da shi. Tun da na zo Kaduna ban taɓa yin doguwar magana haka ba, da Hausata ta ƙauye, ba wadda ta ƙunshe dariya.

A keke, muna dawowa, babbarmu ta matso kusa da kunnena. "Ke, me kakar taki take ba mai ciwon mara?"

Ban kai ga ba ta amsa ba muka iso. A bakin ƙofar makaranta na hango Yaya a tsaye, hularsa a hannu, ƙafarsa duk jar ƙasa. Bai taɓa zuwa Kaduna ba.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.