Gishiri da naman gashi: inda na kai a wannan hunturun

'Yan uwa masu koyon gashi a gida, ga inda aikina ya tsaya. Tun shigowar sanyi nake kan abu ɗaya: yankan naman sa mai kauri, irin wanda gidajen abinci ke kira bifteki, da gishiri zalla, ba yaji ba tafarnuwa, don in ga iyakar abin da gishirin zai iya shi kaɗai wajen sa nama laushi.

Ku ɗauki yanka mai kaurin yatsa biyu, ku barbaɗa masa gishiri gaba da baya, ku ajiye a faranti, ku zauna ku zuba masa ido. Cikin minti 3 zuwa 4 naman zai fara zufa, ɗigo-ɗigo. Kafin minti 15 gishirin ya narke, wani ruwa ja-ja ya kwanta a samansa, har yana gangarowa gefen farantin. A nan ne ake cewa gishiri na tsotse nama, kuma wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba, sai dai bai jira ya ga ƙarshen abin ba. Wajen minti 40 zuwa awa guda, yawancin ruwan nan ya koma ciki, ya tafi da gishirin. Naman ya ƙara duhu, saman ya yi ɗan danƙo, in kun danna da yatsa za ku ji ya saki. Dalili shi ne ruwan gishirin na sassauta wani sinadari da ke cikin zaren tsoka, mayosin sunansa. Idan ya sassauta, zafin wuta ba ya sa zaren ya ƙanƙance ya matse ruwansa sosai, shi ya sa naman ke fitowa da damshi, haƙori na shiga ba gardama.

Saboda haka lokacin da ya fi muni a ɗora nama kan wuta shi ne tsakanin minti 10 da rabin awa bayan sa gishiri, kuma daidai nan ne yawancinmu ke ɗorawa, don shi ne tsawon lokacin da gawayi ke ɗauka kafin ya kama. Ruwan na waje, bai koma ba, sai ya tsiyaye cikin garwashi, naman ya dahu cikin tururi ya fito fari-fari. Ko dai a sa gishiri a ɗora nan take, ko a ba shi awa guda cur.

Ma'aunin da na tsaya a kai: giram 10 na gishiri ga kowane kilo na tsoka. Wanda ba shi da sikeli, ƙaramin cokalin shayi a shafe na gishiri mai laushi yana ɗaukar giram 5 zuwa 6, don haka cokali ɗaya ya ishi rabin kilo. Mai gwari-gwari ya fi daɗin barbaɗawa don ana ganin inda ya sauka, amma cokalinsa ba lallai ya yi nauyi ɗaya da na leda ba, sai ku lura.

Tun da muna Damagaram, ban ga dalilin tsayawa kan gishirin leda kaɗai ba. Gishirin Balma iri biyu ne ayarin raƙuma ke saukowa da shi daga Kawar: kantu, wanda ke haɗe da ƙasa kuma na dabbobi ne, da beza, farin da ake ci. Bezar da na daka sama-sama a turmi ta yi aiki daidai da na leda, ban ji wani bambanci a laushi ba, sai ɗan ɗanɗano da na fi so. Gishirin mangul na ƙasar Manga kuwa yana da kanwa-kanwa a cikinsa. Naman ya yi laushi, amma ya ɗauko wani ɗaci a bayan harshe. Na bar shi ga miya.

Akwai wata hanyar da ake yabawa: a lulluɓe yankan da gishiri mai gwari har ba a ganin jan, a bar shi awa guda ga kowane santimita 2 da rabi na kauri, sannan a wanke a tsane. Tana aiki in yankan na da kauri. A kan siririn yanka kuwa gishirin ya ratsa har tsakiya, sai ruwa kawai mutanen gida suka dinga sha. Ni dai ban ga abin da ta fi ma'aunin giram 10 da shi ba, ga ɓarnar gishiri.

Yanzu ga inda gishiri ya gaza, kuma nan ne na fi daɗewa. Shanunmu, ko Azawak ko jajayen nan na Bororo masu dogon ƙaho, dabbobi ne da suka taka ƙasa, sun yi kiwo mai nisa, kitsensu kaɗan, jijiya da yawa. Gishiri ba ya taɓa jijiya. Ko kwana biyu ta yi cikinsa, in an gasa, taunarta kamar ana tauna fatar dukawa ne. Jijiya ruwa take so da ƙaramar wuta na awoyi, aikin tukunya ke nan. Don haka rabin aikin a gaban teburin mahauci ake gama shi. A Kasuwar Dole akwai wani dattijo da nake saye wurinsa, na ce masa, "Baba, na gashi nake so, a ba ni na gadon baya, a bar shi da kaurinsa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan kaurin ai ba zai gasu ba," wuƙarsa har ta fara shimfiɗa shi irin na kilishi. Da ƙyar na tsayar da shi. Hannunsu ya saba da yankan tsire da kilishi, sai kun nuna da yatsu. Tsokar gadon baya da doguwar nan mai laushi da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya, wadda mahauta ke kira file, su ne suka fi karɓar gishiri. Cinya tsaka-tsaki ce. Ƙwauri da wuya kada ma a fara.

Wani abin kuma: naman da muke saye da hantsi, da asuba aka yanka shi. Bayan yanka, tsokar sa tana sandarewa cikin awoyin da ke biye, kuma sai ta kwana a sanyi take fara sakewa. A Turai ana ajiye naman sa mako ɗaya zuwa uku a ɗakin sanyi kafin a sayar. Wanda ya saya da safe ya gasa da la'asar, ya kama shi a daidai lokacin taurinsa. Mafi kyawun sakamakon da na samu shi ne wanda na sa wa gishiri da yamma, na ɗora kan 'yar ragar ƙarfe a saman faranti, na sa a firigo ba rufi har washegari. Gishiri ya shiga, tsoka ta ɗan saki, saman ya bushe ƙamas, yana taɓa wuta ya yi ja.

Shi ya sa na zaɓi hunturu. Ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a nama tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'idar masana ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa guda. Gishiri giram 10 a kilo ba ya hana nama lalacewa. A watan Afirilu da Mayu, da muke wuce digiri 40 ga kuran na ɗaukewa, hanyar kwana sai mai firigon da ya amince da shi. Wanda ba shi da shi ya tsaya kan awa guda, a inuwa, da rufin raga saboda ƙuda.

Ganyen gwanda da kanwa, da wasunku suka tambaya ko suna sa nama laushi, duka suna sa wa. Gwanda na narkar da saman ya yi laɓo-laɓo in an daɗe, kanwa kuma na sauya launi da ɗanɗano.

Wajen wuta ban sauya komai ba: a tsane naman da tsumma mai tsabta, garwashi ya yi ja ba harshen wuta, a sauke a bar shi ya huta minti 5, a yanka a gicciye yadda za a datse zaren. Abin da ke gabana shi ne cinyar rago, in ga ko ma'aunin giram 10 zai riƙe kafin layya. Wanda ya taɓa gwadawa da naman raƙumi ya faɗa mana awa nawa ya ba shi.