Wa ya ɗauko yaron? 'Yan kurket ɗin Pakistan da iyayen gidansu

Kusan duk wani shahararren ɗan kurket da Pakistan ta yi, in ka bi salsalarsa za ka tarar akwai ranar da wani babba ya hango shi, ya nuna shi da yatsa ya ce a kawo masa yaron can. Na daɗe ina bin labarin mutanen nan, tun muna makarantar kwana a farkon shekarun 1980, lokacin da makarantun sakandaren tsohuwar Jihar Kano ke cike da malamai 'yan Indiya da Pakistan. Malaminmu na lissafi mutumin Lahore ne, kuma muddin ƙasarsu na wasa, 'yar rediyonsa ba ta barin kunnensa ko da a ƙofar ofishin malamai ne. Shi ya shafa mini ciwon. Yau ga ni a ƙauye a gefen Ringim, ina noman shinkafa ina kuma ɗan riƙe da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta samarin unguwa, amma in dare ya yi kuma da data a waya, tsofaffin wasannin Pakistan nake lalubowa a YouTube.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum 11 ne kowane ɓangare. Ɗaya ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallon fata mai tauri yana neman kaɗe wasu sanduna uku da aka kafa, ɗaya kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako yana tare su, yana buga ƙwallon don ya tara maki; in aka kaɗe sandunan ko aka cafe ƙwallon da ya buga tun tana sama, an fitar da shi. Akwai wasan kwana biyar, akwai na yini guda, akwai gajere na kamar awa uku. Wannan ya isa a bi ni.

Pakistan ta shiga sahun manyan ƙasashen kurket a 1952, shekara biyar da rabuwarta da Indiya. A wancan zamani gida ne ke fitar da ɗan wasa. Hanif Muhammad, wanda ya tsaya minti 970 yana bugu a Barbados a 1958 har ya tara maki 337, su huɗu ne ciki ɗaya suka buga wa ƙasa, daga baya ɗansa ma ya buga. Shi kansa Imran Khan ɗan gata ne: an haife shi a Lahore a 1952, ya yi karatu a Oxford, kuma 'ya'yan 'yan'uwan mahaifiyarsa biyu, Jawed Burki da Majid Khan, duk sun riƙe kyaftin kafin shi. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne da ragama ta zo hannunsa, bai tsaya tambayar ɗan gidan waye ba. Shi da Jawed Miandad, mutumin Karachi mai baki da tsokana, wanda ya buga ƙwallo ta tsallake fili ya samu maki shida a jifan ƙarshe ya kayar da Indiya a Sharja a 1986, ba su cika jituwa ba, amma dukansu biyu Allah ya ba su ido.

Wasim Akram yana ɗan shekara 18 a 1984, bai taɓa buga wani wasan a-zo-a-gani ba, ya je sansanin gwaji a Lahore. Aka yi dace Miandad ya zo motsa hannu, yana buƙatar masu jefo masa. Dogon yaron nan bahago ya yi 'yan jifa, Miandad ya ɗago kai. Cikin 'yan watanni Wasim yana Niyu Zilan da tawagar ƙasa, kuma a wasansa na biyu na kwana biyar ya fitar da mutum 10. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa da aka ce ya shirya tafiya, zuwa ya yi wurin Miandad yana tambayar nawa zai karɓo a hannun mahaifinsa na guzuri, don bai san biyan 'yan wasa ake yi ba. Daga nan Imran ya karɓe shi. A fili yakan tsaya kusa da shi yana gaya masa inda zai saukar da kowace ƙwallo. Wasim ya gama da mutum 414 a wasan kwana biyar da 502 a na yini guda, kuma shekarunsa na ƙarshe a fili da allurar ciwon suga ya yi su, don tun yana wajen shekara 30 aka gano yana da shi.

Waqar Yunus kuwa, yaron Burewala a yankin auduga na Punjab, a talabijin Imran ya gan shi yana jifa a wata gasar cikin gida. A Nuwamban 1989 ya fara wasan kwana biyar a Karachi, rana ɗaya da wani yaro ɗan Indiya mai shekara 16, Sachin Tendulkar, kuma Waqar ne ya kaɗe masa sanduna. Shi gwanintarsa ita ce aika ƙwallo kan yatsun ƙafar mai bugu. In ka janye ƙafa sanduna sun tafi, in ka bar ta ka ɗingisa zuwa gida.

Akwai wani sirri da suke miƙa wa juna, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Sabuwar ƙwallo takan kauce a iska, kowa ya san wannan, kuma da ta tsufa sai ta daina. Su 'yan Pakistan filayensu busassu ne masu cinye fata, don haka suka koyi goge gefe ɗaya da gumi da wando har ya yi sheƙi, su bar ɗaya gefen ya kakkarce. In ta tsufa a haka kuma aka jefo ta da ƙarfin gaske, sai ta kauce zuwa gefen mai sheƙi, a makare, lokacin da mai bugu ya riga ya saki hannu. Sarfraz Nawaz ya nuna wa Imran, Imran ya nuna wa Wasim da Waqar. Da suka je Ingila a 1992 suka yi musu kaca-kaca da ita, jaridun can maguɗi suka kira abin. Da 'yan Ingila suka iya, suka ci Ostireliya da ita a 2005, sai ta zama fasaha.

Tushen wannan hannu a lungu yake. Yaran Karachi da Lahore ƙwallon tanis suke naɗewa da salatif ɗin masu gyaran wuta, su yi ta wasa a titi, musamman da daddare a watan azumi. Na taɓa gwadawa da ɗan ƙanwata. Na sa aka sayo mana ƙwallon tanis a Kano, muka naɗe rabinta da jan salatif muka bar rabi da gashinta, muka jingina turmi a filin firamare. Jifan farko ta miƙe kamar za ta wuce ta gefe, sai ta karkato ta daki turmin. Yaron ya riƙe baki ya ce, "Kawu, wallahi sai ka gaya mini abin da ka tofa mata." Na ce ya juya gefen salatif ɗin ya jefa da kansa. Ta kauce ta ɗaya hannun. Har magariba ban samu ƙwallon nan ta dawo hannuna ba.

Gasar cin kofin duniya ta 1992 ita ce ranar girbin Imran. Sun fara da ƙafar hagu, wasa ɗaya suka ci cikin biyar na farko, har Ingila ta fitar da su duka a maki 74 a Adelaide, ruwan sama ne ya cece su aka raba maki. Waqar ma bai buga ba, ciwon baya ya mayar da shi gida. A wasan kusa da na ƙarshe da Niyu Zilan, wani yaron Multan mai shekara 22, Inzamamul Haq, ya kwana ba lafiya ya nemi a ajiye shi. Imran ya ƙi. Yaron ya shiga ya buga maki 60 a jifa 37, ya juya wasan da aka riga aka sallama. Ranar 25 ga Maris, cikin azumi, suka haɗu da Ingila a Melbon. Pakistan ta tara 249. Ingila na farfaɗowa sai Imran ya miƙa wa Wasim ƙwallo. Ta farko ta nufo Allan Lamb kamar za ta shige masa jiki, ta sauka, ta baɗe waje ta ɗauke sandar gefe. Chris Lewis ya shigo, ta biyu ta lanƙwaso ciki ta goge katakonsa ta faɗa sanduna. Na maimaita kallon jifa biyun nan ban san iyaka ba, kuma har yau fuskar Lamb nake dubawa, yana tafiya yana waiwaye. Da tazarar maki 22 suka ɗauki kofin, Imran yana da shekara 39.

Abin da ya biyo baya a rayuwarsa kowa ya ji: asibitin masu ciwon daji da ya gina a Lahore da sunan mahaifiyarsa Shaukat Khanum, aka buɗe a 1994, jam'iyyar da ya kafa a 1996, firaminista a 2018, tsigewa a 2022, kurkuku a 2023. Siyasarsu tasu ce, ba zan sa baki ba. Asibitin dai yana nan yana aiki.

To amma tsarin da ya dogara ga idon babba yana da ramin da ba a cika faɗa ba. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye aka ɗora a jirgi, bai san kowa ba sai wanda ke gaba da shi. Abin da muke gani ne a Kantin Kwari: yaro ya zo daga ƙauye, in ya faɗa hannun ubangidan kirki bayan 'yan shekaru a yaye shi da jari, in ya faɗa hannun macuci shi za a tura ya sa hannu a takardar da za ta ɗaure shi.

Muhammad Amir ɗan wani ƙauye ne kusa da Gujar Khan. Wasim da kansa ya tsamo shi a wani sansanin masu jifa a 2007, yana ɗan shekara 15, bahago kamar shi. Yana shekara 18 ya riga ya fitar da mutum 50 a wasan kwana biyar, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya yi haka ba. A watan Agustan 2010, a filin Lord's na Landan, ya fitar da 'yan Ingila shida a zagaye ɗaya. A wannan wasan dai wata jarida ta ɗana tarko, ta ba wani dillalin 'yan wasa fam 150,000, shi kuma ya faɗi daidai jifan da za a taka layi da gangan. Aka kuwa taka. Ku nemi hoton ku gani. Mai jifa kan zarce layi da ɗan yatsa bisa kuskure, amma ƙafar Amir ta wuce da tazarar da ko makaho zai shafa ya ji, alamar yaron ko iya cutar bai yi ba. A gefe kuma ga kyaftin ɗinsa, Salman Butt, idonsa a kan ƙafar maimakon kan mai bugu. An dakatar da Amir shekara biyar, kotun Ingila ta yanke masa wata shida, Butt wata 30, ɗaya mai jifan da aka kama su tare, Muhammad Asif, shekara guda.

Ba na wanke shi, ɗan shekara 18 ya san haram. Sai dai ɗakin da ya shiga ba a share yake ba tun kafin ya zo. Tun a 2000 binciken Mai Shari'a Qayyum ya sa aka haramta wa tsohon kyaftin Salim Malik wasa, aka ci tarar wasu manya, har da shi Wasim ɗin da nake ta yabo. Kuma tun harin da aka kai wa motar 'yan wasan Siri Lanka a Lahore a Maris na 2009, ƙungiyar ta yi shekaru ba ta wasa a gida, daga wannan otal sai wancan, yara nesa da iyayensu. Amir ya dawo a 2016, kuma a wasan ƙarshe na gasar zakaru a Landan a 2017 ya fitar da Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan tun da farko, Pakistan ta lallasa Indiya da maki 180. Na yi murna ranar, amma shekara biyar ɗin da ya kamata su zama ganiyarsa sun riga sun tafi.

Shi ya sa duk lokacin da wani mai jaka ya zo bakin filinmu ya ce zai kai ɗaya daga cikin yarana gwaji a Legas ko ƙetare, nake cewa a fara zuwa gaban mahaifinsa, a kuma gaya mini a gidan wa zai kwana. Yaran kan ce, "Baba Malam, kai dai tsoro ya yi maka yawa." Wani ma ya daina gaishe ni na ɗan lokaci.

Wanda ya kwashe ɓarnar 2010 kuwa mutum ne da babu babban da ya taɓa nuna shi da yatsa. Misbahul Haq ɗan Mianwali ne, ƙabilarsu ɗaya da Imran, yana da digiri na biyu a harkar kasuwanci. Ya fara buga wa ƙasa a 2001, aka ajiye shi shekaru, ya dawo a 2007 yana da shekara 33, ya kai su wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta gajeren wasa da Indiya, sannan ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe, suka faɗi da maki biyar. Mutanensa sun daɗe suna masa gori a kan wannan, da kuma jan ƙafarsa wajen tara maki. Shi aka miƙa wa ƙungiyar yana da shekara 36, babu filin gida, babu manyan masu jifa biyu. Shi da Yunus Khan, wanda ya tara maki 10,099 a wasan kwana biyar, fiye da kowane ɗan Pakistan, suka yi ta lallaɓa ta a filayen Dubai da Abu Dabi da ba kowa a kujerun kallo. A 2016, yana da shekara 42, ya buga maki sama da 100 a Lord's ɗin da aka yi abin kunya, kuma a watan Agustan shekarar Pakistan ta hau matsayi na ɗaya a duniya a wasan kwana biyar. Ya ajiye katako a Mayun 2017, rana ɗaya da Yunus, bayan sun ci ƙungiyar tsibiran Karibiyan biyu da ɗaya a gidanta, abin da Pakistan ba ta taɓa yi ba ko a zamanin Imran.