Shekarar da Kawu ya zo Argungu hannu rabbana

Ni ba baduku ba ne, malamin firamare ne. Biro ne ya haɗa ni da dukawan unguwarmu a Argungu. Suna da 'yar ƙungiya ta adashe da taimakon juna, su da matan da ke saƙar faifai da tabarma, kuma babu mai son riƙe littafi, sai aka ɗora mini sakatare. Da labari ya tabbata cewa za a dawo da bikin kamun kifi a watan Maris na 2020, bayan an shafe shekara goma ba a yi ba, gari ya ɗauki harama. Masu ɗakunan haya suka shiga shafe da fenti. Yaran ajina ba su taɓa ganin bikin da idonsu ba, sai dai labari a bakin iyaye.

Duk ɗan Argungu ya san asalin abin. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karrama shi da kamun kifi. Wato tun tushe bikin na tarbar baƙo ne. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke ji da su. Da wannan na kafa hujja a taron ƙungiya: mu gayyato dukawa daga Dogon Dutsi, garin su mahaifiyata a Nijar. Namu sun ƙware a takalma da layu da kayan doki, amma a adon alabe da zabira da tumtum hannun mutanen can ya fi laushi. Su kawo kaya, mu ba da rumfa da masauki, a raba riba.

Na manta da iyaka. Tun Agustan 2019 gwamnati ta rufe ta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, kuma gaskiya ina cikin masu tafi lokacin, don ina da 'yar gona a fadama kuma shinkafarmu ta yi daraja. Sai da abin ya taka sawuna na ji zafinsa. Na kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, na shiga kame-kame ina ba shi haƙuri. Ya bar ni na gama, sannan ya ce: "Ɗana, wanga ba abin damuwa ba ne. In an hana kaya wucewa, an hana hannu? Ku dai nemi fata."

Saura mako biyar biki suka iso, shi da mutum uku. Kayan aikinsu kaf, basilla da aska da almakashi, bai cika aljihun riga ba.

Washegari na raka shi wurin majema. Na ɗauka sayayya ce ta rabin awa, sai da muka kai azahar. Kawu zai ɗaga fata ya duba ta a hasken rana, ya sansana, ya ninke ta biyu ya murza da babban yatsa, ya buɗe ya duba ko ninkin ya bar farin layi. In ya bari, sai ya ajiye ta gefe ba tare da ya ce uffan ba. Cikin tarin da aka fito mana da shi, kaɗan ya ɗauka. Majemin ya fara huci. Kawu ya ce masa: "Maigida, fatarka ba ta da laifi, gaggawa ce ta ɓata ta. Bar ta ta ƙara kwana cikin bagaruwa, ni kuma in ƙara maka kuɗi." Fatar jar akuya ce, wadda mu ke kira akuyar Sakkwato, su kuma su ce akuyar Maraɗi, dabba ɗaya mai suna biyu. Ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita a da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemin ya bi shawara yana gunaguni. Har yau daga wurinsa muke saye, kuma shi da kansa yake ware mana ta kirki kafin mu zo.

Rikicin farko ni na jawo shi. Mun yi ciniki da Kawu ta waya cewa ladan kowane babban tumtum jaka biyar ne. A bakinmu na Najeriya jaka naira ɗari biyu ce, saboda haka na rubuta naira dubu a littafi ina murna na samu arha. A bakin mutanen Nijar kuwa jaka sefa dubu ce, kuma da canjin lokacin abin da yake nufi ya kusa ninka nawa sau uku. Ranar biyan farko na miƙa masa kuɗi, ya ƙirga, ya mayar mini, ya tashi ya yi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Da babu dattijon dukawanmu a wurin, da tafiyar ta watse a daren. Shi ya tambayi kowannenmu abin da yake nufi da jaka, aka yi dariya, amma dariyar ba ta biya kowa ba. Dole ƙungiya ta taɓa kuɗin adashe ta cike gibin. Tun daga ranar ba na rubuta farashi sai da lamba, naira a layi ɗaya, sefa a ƙasansa, kowa ya sa hannu. Zumunci ne ma ya sa ban yi haka tun farko ba, ina jin kunyar miƙa wa kawuna takarda.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Na dage a yi manyan tumtum da yawa, don a lissafina manyan mutane za su zo. Sun zo kuwa, har Shugaba Buhari. Sai dai babban mutum daga mota yake wucewa rumfar manya, daga can ya koma mota. Wanda ke yawo tsakanin rumfuna shi ne wanda ya zo a motar haya daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kaduna, ya kalli kokowa da dambe, ya kalli kamun agwagwa da tseren kwalekwale, yana neman tsarabar da za ta shiga jakarsa. Alabe da ƙananan zabira suka ƙare tun kwana na biyu. Faifan mata ko ɗaya bai yi saura ba. Tumtum kuwa suna nan jibge kamar buhunan gero.

Ranar ƙarshe na bar rumfa na je bakin Matan Fada, kogin da ake kamun kifin. Dubban masunta da gora da homa suka auka ruwa lokaci ɗaya, ruwan ya koma launin kunu, cikin kamar awa guda an gama. Kifin da ya yi na ɗaya kilo 78 ne. Ina dawowa na tarar wani dillali, baƙo, ya saye rabin tumtum ɗinmu a farashin da bai kai kuɗin fata da lada ba, yaran rumfa sun sallama don tsoron kwantai. Da yamma na gan su a shimfiɗarsa kusa da masaukin baƙi, yana kiran ninkin abin da ya biya. Na ji haushi, amma shi ya san inda mai kuɗi ke kwana, mu ba mu tambaya ba.

Da na zauna lissafi, ribar ƙungiya ba ta taka kara ta karya ba. Amma littafin ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: kusan duk abin da muka kashe a cikin gari ya tsaya. Majemi, mahautan da ke sayar masa da ɗanyar fata, tsohuwar da ke kawo karan dafi na jan rini, mai ɗakin da baƙi suka sauka, matar da ta ciyar da su mako biyar, 'yan kabu-kabu. Da iyaka a buɗe take, da kayan sun zo a ɗinke, da waɗannan duka ba su ga ko sisi ba, mu ma da dillalai kawai muka zama.

Bayan mako biyu korona ta sa aka kulle Legas da Abuja, kasuwa ta mutu. Abin da ya cece mu dabarar wata matashiya ce cikin masu saƙa, wadda ta nace a ɗaura 'yar takarda mai lambar waya a jikin kowane kaya, ni kuwa na ce ɓata takarda ne. Da tafiye-tafiye suka dawo, sai ga saƙonni ta WhatsApp, wannan yana son alabe goma na biki, waccan tana son tumtum biyu na ɗakin amarya. Kawu ya riga ya koma gida, amma samari huɗu da suka zauna gabansa tsawon makonnin nan suna yanka suna ɗinki sun ɗauki hannunsa. Su suka yi aikin.

Iyakar Kamba, mashigar Nijar ta jiharmu ta Kebbi, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Muka fara aika musu fata suna aiko da ɗinkakku, sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa har Maris na 2024. Yanzu Kawu ƙafa ta hana shi doguwar tafiya. Duk sabon samfurin da samarin suka yi, hoto nake ɗauka in tura wa ɗansa ya nuna masa. Makon jiya na tura hoton wata zabira da duk muka yaba. Da magariba saƙon murya ya shigo, ana jin kukan awaki a bayansa: "Ɗana, gaida min yaran. Ka ce musu bakin nan na hagu ya karkace, a warware a sake."